Gubar Dalma: Tsare Ƙananan Yara Tun Daga Tsakar Gida

[Taken shiri]

 Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kiwon lafiyar iyali. Ina gaishe da iyayenmu mata da ke tsakar gida rediyo na gefen murhu, da magidanta a gona da kasuwa, da 'yan'uwanmu masu haƙar ma'adinai a daji, da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara waɗanda ke kwana da tashi tare da jama'a.

Yau za mu yi magana a kan gubar dalma da ɓarnar da take yi wa ƙananan yara. Guba ce da ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Tana shiga jikin yaro kaɗan-kaɗan, a gidan ubansa, a gaban uwarsa, ba wanda ya sani. Kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa, asibiti ba ya iya mayar da shi yadda yake. Saboda haka babban aikin yana wurin hana ta shiga, kuma wannan aiki na gari ne baki ɗaya: uwa da uba, mai unguwa da liman, ungozoma da duba-gari, da ma'aikacin lafiyar da ke asibitin mazaɓa. Ku matso kusa, ku kira makwabta.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙasarmu, domin ba labarin nesa ba ne.

A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, agwagi suka riƙa mutuwa. Mutane suka ga abin, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa gargaɗi ne. Ba a jima ba sai ciwo ya faɗa wa yara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, jikinsa ya mutu, ya daina wasa, daga nan sai jijjiga, sai suma. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai yi ba. Aka ce sanƙarau ne, shi ma maganinsa bai yi ba. Wasu suka ce iska ce.

A watan Maris na wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura da yawan mace-macen yara a yankin. Aka ɗebi jinin marasa lafiya aka kai gwaji, sakamako ya nuna dalma ce, mai yawan da likitoci da dama ba su taɓa ganin irinsa a jinin ɗan Adam ba. Da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiyar Nijeriya suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, sai suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara ɗaya. Wato cikin kowane yara huɗu, ɗaya ya tafi. A jimlace, an ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu a wannan annoba, dubbai kuma suka kamu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Daga ina gubar ta fito? Daga neman halak ta fito. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka ga hanyar samun abin rufin asiri, suka shiga haƙa. Sai aka yi rashin sa'a, duwatsun zinariyar wannan yanki cike suke da dalma. Maza su ɗauko duwatsu a buhuna su kawo cikin gari. A farfasa da guduma, a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi. A cikin gidaje kuma mata su daka a turmi, su shanya garin dutsen a tsakar gida, su sami ɗan abin hannu. Ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma, da kwanon tuwo, da bakin randa, da hatsin da aka baza. A daidai wannan wuri jariri mai rarrafe yake yini. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ya ɗauki ludayi daga ƙasa, ya tsotsa. Uwarsa na daka yana goye a bayanta, yana shaƙar abin da ke tashi daga turmi. Da aka auna ƙasar wasu gidajen, dalmar da ke ciki ta ninka abin da ake ɗauka da haɗari sau ɗaruruwa.

Babu uwa ko uban da ya yi haka da gangan. Rashin sani ne, kuma ba a sami mai faɗa musu da wuri ba. Wannan giɓi shi ne muke son cikewa yau.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Wani zai tambaya: to, ai manya ne ke aikin dutsen, me ya sa yara ne ke mutuwa?

Dalili na farko, ɗabi'ar yaro ce ya kai komai baki. Na biyu, cikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan yaro da babba suka haɗiyi dalma daidai wa daida, abin da zai shiga jinin yaron ya ninka na babban sau huɗu zuwa biyar. Idan kuma yaron na fama da yunwa, ko ƙarancin jini, ko rashin sinadarin ƙarfe da na ƙashi, wato ayon da kalsiyam, to jikinsa ya fi saurin karɓarta. Na uku, a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa, duk abin da ya taɓa ta a lokacin, tabonsa na daɗewa.

Dalma tana yi wa jiki shigar burtu. Jiki na buƙatar kalsiyam domin ƙashi da haƙori da aikin jijiyoyi, ita kuwa dalma sai ta zo da kamarsa, jiki ya buɗe mata ƙofa. Ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sauran kuma ta je ta kwanta cikin ƙashi da haƙora, inda za ta iya shafe shekaru masu yawa. Nan ne maganar ta shafi mata masu juna biyu. Lokacin goyon ciki, jikin mace kan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta domin gina ɗan da ke ciki, sai dalmar da ta daɗe a kwance ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Yarinyar da ta sha ƙurar dalma tana ƙarama, za ta iya miƙa wa ɗanta ita bayan shekara goma sha biyar ko ashirin. Tana kuma iya jawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi.

Idan dalma ta yi yawa ƙwarai a jini, alamunta su ne waɗanda aka gani a Zamfara: amai, ciwon ciki, taurin bayan gida, kasala, yawan kuka, jijjiga, suma. Yaran da suka tsira daga wannan mataki, wasunsu sun rasa gani, wasu ji, wasu tafiya ko magana. To amma ku saurari wannan da kyau, iyayena: yawancin yaran da ke ɗauke da dalma ba su nuna alamar komai. Yaro na ci, yana sha, yana guje-guje. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya natsuwa, ga saurin fushi. A ce daƙiƙi ne, a ce ba ya jin magana, a yi ta dukansa, alhali guba ce ta rage masa kaifin basira tun yana rarrafe. Masana sun tabbatar babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. A shekarar 2020, asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan yara miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini a matakin da ke buƙatar a ɗauki mataki.

Hanya ɗaya ce tak ta sanin gaskiya: gwajin jini. Akwai ƙaramar na'ura da ake iya ɗauka a jaka zuwa ƙauye. A wanke yatsan yaro sosai da sabulu, a ɗan soka, a ɗauki ɗigon jini, cikin 'yan mintoci sakamako ya fito. Idan ya yi sama, sai a ɗebi jinin jijiya a tabbatar. Ana auna dalma da maikurogiram a cikin desilita ɗaya na jini, amma domin sauƙi mu kira shi maki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2021 ta ce daga maki 5, dole a bi sawu a gano inda yaron ke samun gubar a toshe. Daga maki 45 kuwa, yaro na buƙatar maganin da ke fitar da dalma daga jiki. A Dareta da 'Yargalma, kusan duk yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To, yaya aka shawo kan annobar Zamfara? A nan darasin yake, domin an bi matakai uku, kuma jerinsu na da muhimmanci.

Mataki na farko, aka fitar da aikin dutse daga cikin gari. Wannan ba likita ne ya iya yin sa ba. Sarakuna da hakimai da dagatai da malamai ne suka tsaya, suka ce daga yau ba daka, ba niƙa, ba shanyar dutse a cikin gida.

Mataki na biyu, aka tsabtace gidaje. Ƙwararru daga kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan ƙauyukan kansu, suka bi gida-gida da na'urar auna ƙasa. Inda aka sami dalma, sai a kankare saman ƙasar da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta, da 'Yargalma, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza.

Mataki na uku, sai magani. Ana ba yaro wani magani na sha da ke kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shan sa na tsawon makonni, a sake gwaji, sau da yawa a sake maimaitawa, domin wadda ke kwance a ƙashi takan sake fitowa. Likitoci sun nace a kan abu ɗaya: in ba a gyara gida ba, maganin ba zai yi amfani mai ɗorewa ba, domin yaron zai koma ya ci gaba da haɗiyar ƙurar da ta kwantar da shi.

Garin Bagega ya nuna mana tsadar jinkiri. Shi ne mafi girma a garuruwan da abin ya shafa, an kuma ƙiyasta yara kimanin 1,500 na jiran magani a can, amma kuɗin tsabtace garin bai fito ba sai a farkon 2013, bayan matasa 'yan gwagwarmaya da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba. Kusan shekara uku yara na kwana suna tashi a kan guba. Sannan a 2015, abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a yankin Shikira, inda yara 28 suka rasu, kuma sanadin bai sauya ba: niƙan dutsen zinariya kusa da inda yara suke. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara biyar tsakani, labarin Zamfara bai isa kunnen waɗannan iyaye ba yadda ya kamata.

Daga 2010 zuwa ƙarshen 2021, MSF ta gwada yara fiye da 8,000 a Zamfara, kuma a farkon 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Baƙi sun yi nasu sun tafi. Haƙar zinariya kuwa tana nan, a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna da sauran wurare. Tsaron yaran ya dawo hannunmu.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Kada mazauna birni su ce wannan matsalar 'yan ƙauyen haƙa ce. Dalma na da wasu ƙofofin.

Ta farko ita ce tsohon batir: na mota, na babur, na Keke Napep, na sola. Mafi yawan dalmar da ake amfani da ita a duniya, cikin batir take tafiya. Idan ya mutu, masu sana'ar gwangwan su fasa shi, su zubar da ruwansa a ƙasa, su narka dalmar a fili, wani lokaci a lungun da yara ke wasa. A unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadin irin wannan aiki. Haka nan masunta masu narka dalma domin nauyin taru, da maharba masu zuba harsashi, duk su yi nesa da gida.

Ta biyu ita ce kwalli. Na san wannan magana za ta yi wa iyayenmu mata nauyi, domin mun gada ne kaka da kakanni, ana kuma sa wa jariri ne don ƙauna. Amma kwallin dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. A shekarar 2011, a birnin Boston na Amurka, an gano dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bincika sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna kwallin, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri kan murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan ta shiga. Don Allah a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin dutse, masu juna biyu ma su haƙura da shi.

Ta uku ita ce fenti, musamman fentin mai, mai launin rawaya ko ja, wanda ake shafa wa ƙofofi da tagogi da kayan wasan makaranta. Idan ya tsufa yana ɓarewa, yaro ya tsinta ya ci, ko ya zama ƙura. Mai sayen fenti ya nemi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa.

Ta huɗu, tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen ƙarfe. Binciken da aka yi a Kamaru ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Maƙera su kula da abin da suke jefawa cikin narki, kada a haɗa da kayan batir ko tarkacen da ba a san asalinsa ba. A gida kuma, kada a bar miya mai tsami ta kwana a irin wannan tukunya. Sai kuma garin magani da ba a san abin da aka haɗa shi da shi ba, da farar ƙasar da wasu masu ciki ke ci. Duk a yi hattara.

In kuna son shaidar cewa ana iya cin nasara, ku dubi man fetur. Shekaru da dama ana zuba masa dalma, hayaƙin motoci na watsa ta ko'ina. Ƙasashe suka hana ɗaya bayan ɗaya, har a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an daina sayar da irin wannan mai ga motoci a duk duniya. Duk inda aka hana, dalmar jinin yara ta sauka.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu ga abin da ya rataya a wuyan ma'aikatan lafiya na matakin farko, domin su ne idon gari.

Ya ɗan'uwa malamin asibiti, ya 'yar'uwa mai karɓar awo: idan aka kawo muku yaro yana jijjiga, kuka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna ba, ko kuka ba da magani ba sauƙi, ku yi tambaya. Wace sana'a maigida ke yi? Ana kawo dutse gida? Akwai injin niƙan dutse ko wurin fasa batir kusa? Ana sa wa yaron kwalli? Dabbobi ko kaji da agwagi na mutuwa? Tambayoyi biyar, ba su cin minti biyu. Idan kuka ga yara biyu ko uku daga unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya, kada ku jira na huɗu. Ku sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, ita ma na da layin kira kyauta, 6232.

Ranar awon ciki da ranar rigakafi, mata na taruwa da yaransu a asibiti. Minti biyar na bayani kan dalma a wannan zama ya isa ya ceci gida guda. Matan da ke bi gida-gida domin rigakafin shan inna da faɗakarwa sun riga sun san kowace ƙofa, kuma suna shiga inda namiji ba ya shiga. Su ne za su ga buhun dutse a bayan ɗaki, su ga turmin da ake daka dutse da hatsi a cikinsa. A koya musu abin da za su duba da abin da za su faɗa, cikin mutunci, ba da tsawa ba. Ungozoma ita ce ta farko da ke riƙe jariri, maganarta kan kwalli ta fi ta kowa shiga. Duba-gari kuma su san duk inda ake narka batir da niƙan dutse a yankinsu, su tabbatar ya yi nesa da gidaje da makarantu da rijiyoyi.

Kwamitin ci gaban mazaɓa ya zauna da shugabannin masu haƙa, a ware wurin aiki a bayan gari, a kewaye shi, a tanadi ruwa. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, umarninku ne ya fara tsayar da mutuwa a 2010, kuma shi ne zai hana aikin dutse sake lallaɓowa cikin gidaje, domin an ga inda aka tsabtace gari, daga baya aka sake gurɓata shi. Malamai da limamai, ku sa wannan a huɗuba da wa'azi, ku tuna wa jama'a cewa 'ya'ya amana ne.

Su kuma gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, haƙƙin jama'a ne a kansu su ajiye na'urar gwaji da kayan aikinta a asibitocin yankunan haƙa, su horar da ma'aikata, su tanadi magani tun kafin a buƙace shi, su kuma riƙa gwada yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki a kai a kai. Ku tambayi kansilanku da ɗan majalisarku: ina na'urar gwajin dalma a asibitinmu? A watan Oktoban kowace shekara ake makon yaƙi da gubar dalma na duniya, lokaci ne mai kyau na tayar da wannan magana.

[Ɗan gajeren kiɗa]

'Yan'uwana masu haƙa, ba wanda ya ce ku bar neman abincinku. Roƙonmu shi ne aikin ya tsaya a wurin aiki. Kada dutse ko garinsa ko buhunsa ya shigo gida. Ku jiƙa dutse kafin fasawa da niƙawa: gwajin da aka yi da masu haƙa a jihar Neja ya nuna fesa ruwa na rage ƙurar dalma ƙwarai da gaske, yana kuma kare huhunku. Ku ware kayan aiki daban, ku tuɓe su a can, ku yi wanka da sabulu, ku sa kayan gida kafin ku dawo. Ka tuna, ɗanka zai rugo ya rungume ƙafarka, ƙurar da ke wandonka a bakinsa za ta ƙare. Takalmin aiki ya tsaya a waje. Kada a ci abinci a bakin inji ba a wanke hannu ba. Kada yara da mata masu ciki ko masu goyo su je wurin, ko da tallar abinci ne. Injin da ya niƙa dutse kuma, ya yi sallama da hatsi har abada.

Iyayena mata, ga naku. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci, da bayan ya dawo daga wasa, da kafin barci. A yanke masa farce. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. A rufe abinci da randa, a shanya hatsi a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. Kada a bar yaro da yunwa, domin cikin da ba komai ya fi zuƙar dalma. A ba shi abin da ke ƙara jini da ƙarfin ƙashi gwargwadon hali: wake, zogale, alayyafo, rama, miyar kuka, hanta, ƙananan kifi, ƙwai, nono, tare da lemo ko gwaiba ko tumatir.

Akwai tambayoyi uku da ake yawan yi. Shin shan madara na wanke dalma? A'a. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da gubar da ta riga ta shiga. Shin tafasa ruwa na kashe ta? A'a, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma kuwa ƙarfe ce, tana nan. Rijiya ko kududdufin da ake wankin dutse a kusa da shi, a daina sha har sai an gwada. Shin mai shayarwa ta yaye ɗanta in tana zargin tana da dalma? Kada ta yanke hukunci da kanta. Nonon uwa kariya ce babba, ta je asibiti a gwada ta, a ba ta shawara.

In kuwa yaro ya fara jijjiga ko ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, kada a tura masa cokali a baki, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa ma'aikaci gaskiyar sana'ar gidan. Ɓoyewa don tsoron hukuma na iya sa a yi ta maganin ciwon da ba shi ba ne.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Abin da nake roƙo shi ne kowa ya yi abu ɗaya kafin mako mai zuwa. Maigida ya zagaya gidansa ya fitar da tsohon batir da buhun dutse. Uwargida ta ɗauke tandun kwalli daga kayan jariri. Ma'aikacin lafiya ya ƙara tambayoyin nan biyar a kan waɗanda ya saba yi. Mai unguwa ya sa a yi shela. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwanmu da ke daji inda rediyo ba ya kaiwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su lafiya da basira, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

[Taken rufe shiri]